La'adar Dillalin Gida: A Yanke Ta Tun Ba a Taka Ƙafa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halatta ciniki, ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. 

Ɗan'uwa mai karatu, yau zan ɗan tsawaita, sai ka yi mini haƙuri, domin maganar da na ɗauko ta shafi ciniki mafi girma da yawancinmu za su yi a tsawon rayuwarsu. Mutum na iya sayen hatsi sau dubu, ya sayi rago kowace layya, amma gida sau ɗaya yake saye in Allah ya nufa, kuma da gumin shekaru yake biya. A tsakiyar wannan ciniki akwai wani mutum da ba mu cika kawo zancensa cikin wa'azi ba, shi ne dillali.

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, mutum biyu daga cikin jama'ar masallacinmu suka tare ni tun ban sa takalmi ba. Na san su duka, shekaru suna haɗa kafaɗa a sahu ɗaya. Ɗaya ya sayi gida da abin da ya tara a ci-rani, ɗayan kuwa shi ne dillalin da ya samo masa gidan. Dillali ya ce wata biyu ya yi yana goya mutumin nan a moto daga wannan unguwa zuwa waccan, da man da ya saya da kuɗinsa, amma ranar da aka gama ciniki sai aka damƙa masa jika 50 aka ce ya ci goro. Mai saye ya ce bai taɓa jin an ambaci wani adadi ba sai da ya karɓi makulli, sannan aka zo masa da maganar jika 500, alhali ko kuɗin gyaran ƙofa bai rage a hannunsa ba. Na ce da su: "To, ran da kuka fara, me kuka yanke?" Duka suka sunkuyar da kai. Mai saye ya ce: "Malam, cewa na yi kada ya damu, zan kyautata masa." Dillali ya ce: "Ni kuma na ce ba komai, ai mun zama ɗaya." Ana cikin haka sai ta fito fili cewa mai gidan ma ya riga ya ba dillalin nasa rabo, mai saye bai sani ba. Nan murya ta fara tashi a ƙofar ɗakin Allah.

Babu ɓarawo a cikin mutanen nan biyu. Kunya ce ta rufe musu baki ranar da magana take da amfani, ranar da baki ya buɗe kuwa sai ɓacin rai ya fito. Saboda haka ga abin da nake gani, kuma a kansa zan tsaya: la'ada haƙƙin dillali ce, kuma bai kamata ya taka ƙafa don neman maka gida ba sai kun yanke abu huɗu, wato nawa ce la'adar, wa zai biya ta, yaushe za a biya ta, kuma wa dillalin yake yi wa aiki.

Mu fara da wanke dillali daga zargin da ake yi masa a jumlace. Wasu na ganinsa ci-ma-zaune ne, bai gina ba, bai saya ba, sai dai ya sha romo. Wannan kuskure ne. Dillanci sana'a ce da Musulunci ya tarar, ya kuma tabbatar da ita. Sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa a Madina dillalai ake kiransu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same su ya kira su da sunan da ya fi wannan kyau, wato ƴan kasuwa, ya hore su da su riƙa gauraya cinikinsu da sadaka saboda rantsuwa da maganar banza da ke shiga ciniki. Bai ce su bar sana'ar ba. Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci cikin littafin ijara na Sahihinsa, ya ambaci cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a kansa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, akwai littafi guda da ya tattara amsoshin wani malamin Tunusiya na ƙarni na 4 bayan hijira, Abul Abbas al-Ibyani, a kan mas'alolin dillalai kawai. Mutumin da ya sauka Yamai daga Tawa, ko ya dawo Damagaram bayan shekara goma a Libiya, bai san wane gida ne na sayarwa ba, bai san farashin unguwa ba. Wanda ya kashe takalminsa ya san wannan, ya cancanci lada a kan saninsa da wahalarsa.

Yarjejeniyar da ke tsakaninka da dillali, mafi yawan lokaci, ita ce malaman fiƙihu ke kira ju'ala, wato a sa lada a kan cikar wani aiki: in ka samo mini gidan da na saya, kana da kaza. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka sa kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san cewa mai ju'ala ba shi da komai sai aiki ya cika, malaman mazhaba kuma sun sharɗanta ladan ya zama sananne ga kowane ɓangare. To ina "zan kyautata maka" ta faɗa cikin sananne? A zuciyar mai saye kyautatawa jika 50 ce, a zuciyar dillali jika 500 ce. Jahiltar lada tana ɓata yarjejeniya, in kuma aiki ya riga ya cika a kan haka, sai a koma ga ladan da aka saba ba irin wannan dillali a irin wannan aiki, a kira masu sana'ar su ƙiyasta. Wannan gyaran ɓarna ne kawai, kuma da wuya a tashi daga irin wannan zama kowa yana murna.

Sai maganar kashi cikin ɗari, wadda ta yawaita a biranenmu. Imamu Malik, Allah ya jiƙansa, ya bayyana cikin Muwaɗɗa cewa ba laifi a ambaci farashin kaya a kuma ambaci lada sananne, in an sayar a biya, in ba a sayar ba babu komai. Amma bai yarda a ce wa mutum yana da kaza a cikin kowane dinari ba, domin ladan na raguwa duk lokacin da farashi ya ragu, bai san abin da aka sa masa ba. Malamai da yawa, musamman na wannan zamani, sun halatta kashi cikin ɗari, da hujjar cewa adadin zai bayyana da zarar an ƙulla ciniki, kuma al'ada ta gudana a kai. Ba zan ce wanda ya bi su ya ci haram ba. Sai dai kai mai saye, ka lura da wani abu. A ɗauka, misali kawai, kun yanke kashi 5 cikin 100. In an sayi gidan miliyan 10, dillali ya sami jika 500. In an saye shi miliyan 12, ya sami jika 600. Ke nan mutumin da ka aika ya nemo maka rangwame, duk miliyan ɗaya da ya rage maka ya rage wa kansa jika 50. Mai tsoron Allah zai rage duk da haka, amma me ya sa za ka ɗora wa ɗan'uwanka jarrabawar da za ka iya ɗauke masa? Shawarata ita ce ka faɗa masa iyakar ƙarfinka, ku yanke adadi tsayayye da baki, jika kaza, ko gidan ya yi tsada ko ya yi araha. Wannan ya fitar da ku daga saɓanin malamai, ya kuma daidaita zuciyarsa da taka. In ya samo maka rangwame mai kyau, ka ƙara masa daga baya don jin daɗi, wannan kyauta ce.

Wa zai biya? Iyayenmu a kasuwar dabbobi sun warware wannan tun da daɗewa da kalma biyu: la'ada ciki ko la'ada waje. In ciki ce, daga kuɗin da mai kaya ya karɓa za a fitar da ita. In waje ce, mai saye ne zai ɗora ta a kan abin da ya biya. Abin mamaki, mutum ba zai sayi akuya ba sai ya ji wannan kalma, amma ya sayi gidan miliyoyi bai tambaya ba. Shari'a ba ta ɗora la'ada a kan ɓangare ɗaya dole ba. Abin da aka sharɗanta shi ake bi, in ba a sharɗanta ba a koma ga al'adar gari, al'adar Maraɗi kuwa ba lalle ta zama ta Yamai ba. Dillali na iya karɓa daga ɓangare biyu idan duka sun sani, sun kuma yarda cewa shi mai haɗawa ne a tsakani. Amma in kai ka ɗauke shi ya tsaya maka, ka buɗe masa cikinka, ka faɗa masa iyakar kuɗinka, to ya zama wakilinka, wakili kuwa amintacce ne. In ya zagaya ya karɓi na mai gida a ɓoye, ya ci amana, domin ba a tsaya wa mai son tsada da mai son araha a lokaci guda ba tare da an cuci ɗaya ba. Saboda haka ka tambaye shi ƙarara tun ranar farko: "Kana da wani abu a wajen mai gidan?"

Mafi muni daga wannan shi ne ƙarin ɓoye. Mai gida ya ce ya sallama a miliyan 9, dillali ya zo ya rantse maka cewa mai gida ya ƙi ƙasa da miliyan 10, ya hana ku haɗuwa, ya soke miliyan ɗaya a aljihu, sannan ya miƙo hannu don la'ada. Wasu na kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas, cewa ba laifi mai kaya ya ce wa mutum ya sayar a kaza, abin da ya ƙaru nasa ne. Wannan magana ce a kan abin da mai kaya ya yarda da shi da bakinsa, kuma ko a haka malamanmu na Malikiyya ba su ɗauke ta ba, saboda ba a san ladan ba. Babu kuwa wani malami da ya halatta a yi wa mai saye ƙarya a kan abin da mai gida ya faɗa. Kuɗin da aka samu da rantsuwar ƙarya ba la'ada ba ne, dukiyar mutane ce da aka ci da ɓarna, irin wadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Ka kuma kiyayi jerin gwanon dillalai. Ka yi magana da mutum ɗaya, ranar biya sai ka ga biyar a ƙofa: wanda ya fara jin labarin gidan, da wanda ya ba da lambar waya, da wanda ya riƙe makulli, kowa na jiran nasa. Ka faɗa wa naka tun farko cewa la'ada ɗaya ce, a hannunsa za ka sa ta, duk wanda ya jawo cikin aikin shi zai sallame shi.

To yaya za ka zaɓi dillali? Alƙur'ani ya ba mu ma'auni a ƙissar Annabi Musa a Madyana, aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, inda aka siffanta mafi alherin ɗan aiki da abu biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfin dillali shi ne saninsa: ya san unguwar, ya san farashi, ya san takardu, ya san tarihin gidan. Amanarsa kuwa ba a gane ta da tsawon carbi. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Ni kaina da nake limami, in ka tambaye ni game da wani dillali, abin da na sani shi ne sallarsa, ban san cinikinsa ba. Ka je wajen waɗanda ya taɓa saya wa gida, musamman waɗanda suka ga damina biyu ko uku a ciki, ka ji ko sun sami abin da ya faɗa musu. Ka duba ko yana da mazauni sananne, inda za a same shi bayan shekara in magana ta taso. Ka ga ko zai yarda ya zaunar da kai gaba da gaba da mai gida. Ka saurara ko zai faɗi aibin gida tun ba ka tambaya ba, domin gidan da ba shi da aibi ko ɗaya a bakin dillali, aibin yana wajen dillalin.

In ka ji ya fara cewa wani Alhaji ya taya jiya, in ba ka kawo kuɗi yau ba gobe ya wuce ka, to ka ja da baya ka yi bincike. In gaskiya ne, abin da ba rabonka ba ne ya wuce. In ƙarya ne, ɗan'uwan najashi ne, wato tayin da ake yi don a tayar da farashi ba don a saya ba, wanda Manzon Allah ya hana kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ku kuma ƴan'uwanmu da ke Aljeriya, ko Abijan, ko Legas, ko Saudiyya, kuna ganin hoton gida a WhatsApp kuna aiko da kuɗi, ku sani cinikin biri a sama kuke yi. Ku wakilta wani naku amintacce wanda ba shi da rabo a la'ada, ya je ya gani da idonsa.

Ko da ka sami dillali nagari, akwai abubuwan da ba a bar masa su shi kaɗai ba, domin shi sai ciniki ya ƙullu yake samu, kai kuwa kai za ka kwana a ciki.

Na farko, ruwa. Dattawan Maraɗi sun san cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta ci tsohon gari, har aka mayar da shi kan tudu. Mutanen Yamai ba su manta da 2020 ba, lokacin da kogi ya shiga unguwannin bakinsa irin su Lamorde. A daminar 2024 kuwa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, gidaje masu yawa suka faɗi a jihar Maraɗi da sauran jihohi. Gidan da ka gani da rani yana sheƙi da sabon fenti, ba ka san shi ba sai ka san inda ruwan unguwar ke bi a watan Agusta. Ka koma kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka duba gindin katangun maƙwabta, ka zauna da tsofaffin layin ka tambaye su. A wannan zama za ka san maƙwabtanka ma, su ne kuwa rabin gida.

Na biyu, takarda. Ka karɓi takardar mallakar fili ka duba sunan da ke ciki, ka gwada shi da katin shaidar mai sayarwa. Ka je ma'aikatar magajin gari da ƙafarka, a duba maka lambar filin a rajista, a tabbatar ba a sayar wa wani ba, kuma ba wurin da aka ware wa hanya, ko makaranta, ko makwararar ruwa ba ne. In gidan yana da titir fonsiye, a duba ko an jinginar da shi a banki. In gona ce ta bakin gari da ake yankawa ana sayarwa, ka nemi shaidar hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Ka kira mai awon filaye ya nuna maka iyakoki, domin hadisi ingantacce ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Ka tambayi bashin wuta da na ruwa da ke kan gidan. Kuɗin da za ka kashe a wajen notar da wajen sauya suna, ka lissafa shi cikin kuɗin gida tun farko, kada ka ga kamar asara ce.

Na uku, gado. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanninmu na magada ne da ba a raba ba. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata, ko na matar uba, ko na wanda ke ƙasar waje, sai da yardarsu ko wakilcinsu. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi sai ta hannun wasiyyinsa ko alƙali, kuma don maslahar marayan. In ma kason mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓe kason. Dillalin da ya ce maka kada ka damu da sauran magada, zai ji da su, ka sani ranar da za a kira ka gaban alƙali ba zai raka ka ba.

Ranar biya, kuɗin gida hannun mai gida za su shiga, ko hannun wakilinsa da ka ga shaidar wakilcinsa, a gaban shaidu. Kada su kwana a wajen dillali. Game da kafin alƙalami, ka sani Imamu Malik ya hana nau'in da ake cewa in ciniki ya warware mai gida ya cinye, ko da yake Hanbaliyya sun halatta. Saboda haka ku rubuta cewa abin da ka bayar yanki ne na kuɗin gida, in takarda ta fito da matsala za a mayar maka. La'ada kuwa sai ciniki ya ƙullu, an sa hannu. Malamanmu ba su yarda a sharɗanta biyan ladan ju'ala tun aiki bai cika ba, domin ba a san ko zai zama lada ko ya koma bashi ba. Amma in ka ga ɗan'uwanka na ƙona mai saboda kai, ka ba shi kuɗin mai don raɗin kanka, ka kuma faɗa masa ko kyauta ce ko za a cire daga la'ada.

Yanzu kuma kai mai saye, ka ba ni kunnenka, domin ba dillalai kaɗai ke cuta ba. Akwai wanda dillali zai nuna masa gida, ya yatsine fuska ya ce bai yi masa ba, da dare ya zagaya wajen mai gida su ƙulla a ɓoye don la'ada ta faɗi. Akwai mai jan dillali da "gobe" har ya gaji ya bari. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Wa zai so ya shigar da iyalinsa gidan da tubalin farkonsa haƙƙin wani ne? Ka biya shi a ranar, cikakke, da sakin fuska.

Ku kuma ƴan'uwana dillalai, da yawanku kuna karanta wannan, kuma na san wahalarku. Kuna iya yin wata uku kuna yawo a rana ba a ƙulla ciniki ko ɗaya ba. Amma ku tuna da tulin abincin da Manzon Allah ya cusa hannunsa a ciki ya taɓo danshi a ƙasa, ya nisanta mai algus daga tafarkinsa. Tsagar bangon da aka shafe da sumunti jiya, da shaddar da ke tumbatsa kowace damina, danshin ƙasan tuli ne, wanda ya sani ya yi shiru yana da kaso a cikin laifin. Gidan da aka ba ku ku sayar, kada ku saye shi da sunan wani ku juya ku ci riba a bayan mai shi. In an riga an sallama wa wani, kada ku warware don wani ya ƙara. Ku fi tsoron Allah a kan matar da mijinta ya rasu, wadda ba ta san farashi ba, ta dogara da maganarku. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya sanar da mu cewa gaskiya da bayyanawa su ke jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa su shafe ta.

Na san abin da wani zai ce: Malam, yaya zan dubi idon wanda muke salla tare in ce mu rubuta, ai sai ya ga ban yarda da shi ba. Amsata ita ce, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma mutanen farko da aka yi wa wannan umarni sahabbai ne, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mutum na mantuwa, mutum na mutuwa, magada kuwa ba su ji abin da kuka faɗa a kan moto ba. Rabin shafi ya isa: sunayenku, irin gidan da ake nema, adadin la'ada, wanda zai biya, ranar da za a biya, ko dillali yana karɓa daga ɗaya ɓangaren, sai shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. In ba ku iya boko ba, ku rubuta da ajami. In nauyin baki ya hana ka, ka ce limami ne ya ce a yi, na yarda a ɗora mini.

Mutanen nan biyu da na fara da labarinsu, mun kira dattawa biyu masu sana'ar suka ƙiyasta abin da ya dace, aka lissafa da abin da dillali ya riga ya karɓa daga mai gida, mai saye ya cika sauran a cikin wata uku. Sun yi musafaha a gabana, haƙƙi ya koma ga mai shi. Amma har yau ina lura, in ɗaya ya tsaya a dama da sahu, ɗayan hagu yake nufa. Ina roƙon Allah ya wanke zukatansu, ina kuma roƙonka kada ka bari naku ya kai nan.

Allah ya ba mara gida gida na halal, ya sanya albarka a gidajen masu shi, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya tsarkake abin da muke ciyar da iyalanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman gafararsa. Wanda ya san mai shirin sayen gida, ko ɗan'uwa dillali, ya tura masa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.